Ranar da Na Shanye Jarrabawar Ƙanina

Shekarun baya, baya sosai, lokacin ina ɗauke da cikin fari, na yi wata ɓarna wadda har yau in an taru a gidanmu da Sallah sai an tono ta. Kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku ita da hannuna, tun kafin su gama da ni.

Ƙanina mai bi mini shi ne mai zane a gidanmu. Tun yana ƙarami ba ya barin bango ya huta. Gawayi ne, shuɗin wanki ne, ragowar lallen mata ne, duk abin da zai bar alama ya ishe shi. In kuka gan shi yanzu da farin gemu, ɗalibai na biye da shi, ba za ku ce shi ne mahaifiyarmu ta taɓa bi da muciya har bakin titi ba, don ya zana mata jirgin ƙasa a jikin randa.

Da ya samu shiga sashen zane na jami'ar da ke gefen unguwar Ayigya, nan ƙasar Asante, mahaifinmu bai yi murna ba. Shi ɗan kasuwar goro ne, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Sai da kawunnanmu suka yi ta zarya kafin ya yarda, kuma da sharaɗi biyu. Na farko, ba zai zana fuskar mai rai ba. Na biyu, in ya faɗi jarrabawar ƙarshe, to babu sakewa, babu roƙo, ya tattara ya dawo rumfa ya zauna yayyafa wa goro ruwa. Ƙanina ya ce ya ji, ya kuma yarda.

Ana nan, a ƙarshen 1969, aka fito da dokar nan da ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Waɗanda suka ga wannan lokaci a Zango, unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi, ba sa buƙatar in ba su labari. Manyan motoci suka cika unguwa. Mutanen da aka haifa a nan, aka yanke musu cibiya a nan, suka wayi gari suna ɗaure tabarmi. Mu Allah ya sa namu takardun sun cika, amma gidan hayar da nake aure ya zama kamar bakin tsohuwa, ɗaki nan da mutum, ɗaki nan wayam. Cikin waɗanda suka tafi har da ƙawata, wadda ɗakinsu ke jikin nawa. Iyayenta mutanen Nijar ne, ita kuwa ko hanyar can ba ta sani ba. Mahaifiyarta ce mai kokon bakin tasha, wadda rabin garin nan ya karya kumallo a teburinta.

'Yan ajin su ƙanina suna ta zuwa suna zana fuskokin masu tafiya. Shi kuwa an hana shi fuska. Sai ya je ya sayo alluna tara, irin na karatun allo, ya dama tawada, ya feƙe alƙalami, ya riƙa bi gida-gida. In ya tarar ana ɗaure kaya sai ya gaisa, ya ce, "Kafin ku tafi, kowa ya rubuta mini sunansa da hannunsa." Mai iya ajami ya rubuta, wanda bai iya ba ya tsoma babban yatsa a tawada ya dangwala, wani ya rubuta masa a gefe. Wasu sun yi masa faɗa, suka ce ana kuka yana wasa. Amma da yawa sun rubuta. Daga baya ya kwashe watanni yana yi wa gefen allunan zayyana, ja daga goro, rawaya daga gangamau. Wannan shi ne aikin da zai nuna wa masu jarrabawar ƙarshe, kuma a kansa komai ya rataya.

Da damina ta kankama a shekarar da ta biyo, cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura. Maigidana tela ne, shagonsa na bakin titi. Wata safiya zai fita sai ya ce mini, "Na yi wa Malam magana, cikin satin nan zai kawo miki rubutun sauƙin haihuwa. In ba kya nan zai ɗora a inda ya saba." Inda ya saba kuwa shi ne saman kabad ɗina, a naɗe cikin farin ƙyalle, don ba a ajiye allo a ƙasa.

Ran nan na je awo asibiti, layi ya yi tsawo, ban dawo ba sai bayan azahar. Ina shiga ɗaki sai ga ƙunshi uku a saman kabad, kowanne cikin farin ƙyalle. Na ce Alhamdu lillahi, Malam ya cika alkawari, har na kwana uku ya haɗo mini. Na yi alwala, na ɗauraye ƙwarya sabuwa, na sauko da ƙunshin tsakiya, alluna uku ne a ciki.

A nan ne jikokina suke tsayar da ni, su ce, "Hajiya, ba kin yi sakandare ba? Ba kya karanta ajami?" Ina karantawa mana. Ni ce ma ake cewa idona ya fi na shaho, daga nesa nake gane maƙwabciya ta canza ɗankunne. Amma an rene mu a kan cewa rubutun sha ba a ƙura masa ido, ba a bin sa baƙi-baƙi kamar mai binciken Malam. Bisimilla ake yi, a kau da kai, a wanke. Na dai hango ado ja da rawaya a gefe, har na ce a raina, kai, Malam ya ƙara ƙwarewa kwanan nan. Na kuma ga wasu ɗige-ɗige kamar sawun yatsa, na ce wannan wani sirri ne na malamai, ba ruwana.

Na wanke alluna uku tas, ciki da baya, har da goga da tafin hannu kada albarka ta rage a katako. Na cika kofi na shanye. Na ji ɗan ɗaci-ɗacin goro, na ce magani ne aka haɗa. Sauran na ɗura a kwalba na toshe, na jingine allunan su bushe, na kwanta ina jin jikina har ya fara sauƙi.

Da magariba maigida ya dawo. Yana wanke hannu zai ci tuwo sai ya ce, "Af, na manta. Kin ga ajiyar ƙaninki?"

Na ce, "Wace ajiya?"

"Allunan jarrabawarsa. Ɗakinsa na Ayigya yana yoyo, ya biyo ta shago da su, na ba shi makulli na ce ya ɗora miki a saman kabad."

Na waiga wurin allunan. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi allunan nan uku da ke jingine fes kamar yau aka sassaƙo su, ya dubi kwalba. Lomar da ya ɗauka ta tsaya a hanya.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "me kika sha?"

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Washegari da hantsi sai ga ƙanina, yana fito, riƙe da gwangwanin man da ake shafa wa katako don rubutu ya zauna. Ranar ya yi niyyar shafawa. Saura kwana huɗu jarrabawa. Na tare shi a tsakar gida, na kasa haɗa ido da shi, na dai miƙa masa allunan.

Ya juya na farko, ya juya na biyu. Ya ɗaga na uku ya kara da hasken rana ko zai ga wani abu. Babu komai sai inuwar ja a gefe. Ya nemi turmi ya kifa ya zauna.

"Yaya, wa ya yi?"

"Ni ce. Na ɗauka na Malam ne."

"Ruwan fa?"

"Na sha kofi guda. Ga sauran."

Abin da ya fara cewa shi ne, "Ba abin da zai same ki, toka ce da ƙaro da goro." Sannan ya sake juya allunan a hannunsa. Da ya yi mini ihu da na fi samun sauƙi. Can ya ce, "Na tsakiya kika ɗauka. Na gidan nan ne. Hannun ƙawarki na ciki."

Wallahi sai na ji kamar an sake loda ta a mota a gabana. Na tuna ranar, tana rubutawa tana dariya tana hawaye, tana ce masa, "Kai mai zane, ka gyara mini wasalin in ya karkace."

Na ce, "Kawo tawada in rubuta maka. Hannuna yana da kyau, ba wanda zai gane."

Ya girgiza kai. "Hannunki ba hannunsu ba ne. In na kai na ce su suka rubuta, na yi ƙarya a kan mutanen da ba sa nan balle su ƙaryata ni. Kuma malamina ya ga guda tara, tara aka rubuta zan kawo. Ko sunayen ma ban kwafa a wani wuri ba." Ya ajiye gwangwanin a ƙasa. "Shi ke nan. Ki ce wa Baba ya share mini wuri a rumfa."

Da yamma na ja kumburarrun ƙafafuna na je wurin mahaifinmu, na durƙusa na faɗa masa komai, na ce laifina ne, a sassauta wa yaron. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, "Ke dai lafiyarki ƙalau?" Na ce ƙalau. Ya ce, "To madalla. Sharaɗi kuwa sharaɗi ne." Na san an rufe ƙofa.

Na dawo na tarar da ƙanina inda na bar shi, allunan a cinyarsa. Na zauna kusa da shi a tabarma. Sai na ɗauki allo ɗaya na aza yatsa a samansa, na ce, "Nan ai mai gyaran agogo ne na ɗakin farko, ko? Shi da matarsa mai kitso, da 'yan biyunsu, wadda ke tsoron kaza da wanda ke cin ƙasa." Na faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na gangara da yatsa. "Sai tsohon nan wanzami da ke kiran kowa 'ɗan ƙanena'. Sai mahauci da ƙannensa biyu." Haka na yi ta bi, ɗaki-ɗaki, ina kuka ina lissafi. Mace mai zaman gida ai ita ta san gida. Na san wanda ke tari da asuba, na san wadda ke ƙona miya, na san sunan yanka da sunan da uwa ke kira in ta yi fushi. Ba zan kawo sunayen a nan ba, amanarsu ce. Mutum talatin da ɗaya ne, ban tsallake ko jariri ba.

Ban lura ba ashe ya daina kallon allo, ni yake kallo.

"Yaya, tashi tsaye."

"Da wannan cikin?"

"Tashi don Allah. Tsaya nan bayan allunan. Sake faɗa, daga farko, kamar yadda kika yi yanzu."

Na sake. Da na gama sai ya ce, "Ranar Litinin tare za mu je."

Na ce ya rufa mini asiri. Ni da ban taɓa magana a gaban maza baƙi ba, in je jami'a in tsaya gaban Turawa da tulun ciki? Na ce sai dai ya tambayi maigida, ina da tabbacin zai hana. Maigida kuwa ya saurara, ya cije zaren da ke bakinsa ya tofar, ya ce, "Ai gaskiyarsa. Wanda ya shanye shi zai amayar." Ban yi masa magana ba har washegari.

Ranar Litinin na sa zanen fitata, na yafa babban mayafi, muka shiga trotro, motar haya. Wata 'yar Asante mai kwandon kifi ta matsa mini wuri tana cewa, "Maame, uwata, a hankali, kada ki haihu mana a mota." Ni kuwa Ayatul Kursiyyu kawai nake ja.

Ɗakin jarrabawar babba ne, ko'ina zane-zanen mutane da gumakan laka, na riƙa sunkuyar da kai. Ƙanina ya jera allunansa a jikin bango a kan wani dogon benci, uku masu rubutu a dama, uku a hagu, wankakkun uku a tsakiya. Ya ajiye kwalbar a gabansu. Masu jarrabawa su uku ne, Bature ɗaya da 'yan ƙasa biyu. Cikin 'yan ƙasar akwai wani dattijo Ba'asante mai tabarau, fuskarsa a murtuke tun daga ƙofa.

Baturen ya nuna na tsakiya ya tambaya da Turanci me ya same su. Ina jin Turanci sarai. Na zaci ƙanina zai lulluɓe maganar da kalmomin 'yan boko. Ina! Ya ce, "Yayata ce ta ɗauka rubutun sha ne, ta wanke ta sha. Ga ta nan, ga sauran ruwan." Ya yi musu bayanin rubutun sha a taƙaice. Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage.

Mai tabarau bai yi dariya ba. Ya ce, "Labari ne mai daɗi. Amma mu abin da muka gani muke ba maki, kuma ni katako uku nake gani."

Ƙanina ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta minti biyar."

Na tsaya bayan allunan. Muryata ta fito siririya kamar ta sauro. Na rufe ido, na sa a raina tsakar gidanmu nake, da safe, kowa na fitowa da butarsa. Na fara da ɗakin farko. Ina faɗin suna da Hausa, da sana'ar mutum, da abin da aka san shi da shi, ƙanina na juya musu da Turanci a hankali. Kafin in kai ɗaki na uku muryar ta dawo. Masu sauran ayyukan suka bar nasu suka matso.

Da na iso kan mahaifiyar ƙawata, na faɗi sunanta, na ce mai koko a bakin tasha, wadda ke ƙara wa 'yan makaranta ludayi ɗaya in ta ga idonsu ya faɗa. Sai na ji an ce, "Maame, dakata."

Mai tabarau ne. Ya bar Turanci ya koma Twi, yaren Asante. "Wata doguwa, mai zane uku a kumatu? Teburinta na gindin bishiyar mangwaro?"

Na ce ita ce.

"Kokonta na sha shekara biyar ina ɗan makaranta." Ya matso kusa da bencin. "Na wuce kwanaki na ga babu teburin. Na ɗauka wuri ta canza. Tana ina yanzu?"

Na ce, "Ba mu sani ba, ranka ya daɗe. Tun da motar ta tashi ba mu ji labari ba."

Ya dubi wankakken allon nan ya daɗe. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ci gaba."

Na ci gaba har na talatin da ɗaya. Ba wanda ya tafa. Suka yi 'yan rubuce-rubuce suka wuce kan aikin wani. A hanyar dawowa na tambayi ƙanina, "Mun ci ko mun faɗi?" Ya ce, "Yaya, wallahi ban sani ba."

Kwana takwas muka yi a haka. Abinci ba ya shiga, kuma duk sallar da na yi sai na kai ƙarar kaina wurin Allah, na ce ya Rabbi kada ka sa garajena ya zama sanadin yanke wa yaron nan hanya. Ana cikin haka allunan Malam na gaskiya suka iso. Sai da na zauna na karanta su baƙi-baƙi, har na gano inda ya tsallake kalma, sannan na wanke.

Rana ta tara ina tsince shinkafa sai na ji ana kwaɗa kira tun daga zaure, "Yaya! Yaya mai shanye-shanye!" Tun daga muryar na gane. Tiren ya zame daga cinyata, kaji suka samu rabonsu. Ƙanina ya ci jarrabawa. Ba shi ya zo na ɗaya ba, kada in ƙara gishirin da nake zargin wasu da shi, amma ya ci da kyau. Ya ce mai tabarau ya kira shi gefe ya ce masa abu biyu: ya ci gaba da wannan hanya, kuma nan gaba ya riƙa kulle aikinsa inda 'yan'uwansa ba za su kai ba.

Na yi sujada a nan tsakar gida, da ƙyar aka tashe ni.

Tare muka je gaya wa mahaifinmu. Ya ji komai, har da yadda na tsaya gaban mutane. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ɓare goro, ya miƙa wa ƙanina rabi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Sunan mutum ai gara ya zauna a cikin mutum da ya zauna a jikin katako." Bai ƙara ba, bai kuma sake zancen rumfa ba.

Bayan sati uku na haihu lafiya, mace, baƙa wuluk kyakkyawa. Maigida ya leƙa ya ce, "To, ga tawadar ta fito."

Ƙanina ya fara koyarwa a wata sakandare, daga baya ya koma koyar da manya. Ya yi aiki da katako, da ƙyalle, da murya, da hoto mai motsi, ya je ƙasashen da ni sai a taswira na san su. Mutane na tambayarsa shi mai zane ne ko mai sassaƙa ko mai wasan kwaikwayo, ya ce su tambayi yayarsa, ita ta rikita masa lissafi. An ce har yau duk sabon ajin da ya karɓa, ranar farko sai ya sa kowa ya zana abin da ya fi ƙauna a allo, sannan ya ba su ruwa ya ce su wanke, su faɗa masa abin da ya rage.

Ni dai ba na son a mayar da ni mai hikima. Kuskure na yi, na garaje da rashin tambaya, Allah ne ya rufa asiri. Hannun ƙawata kuwa ya tafi, ba abin da zai dawo da shi, kuma har yau ban san ko tana raye ba. Wannan yana nan yana sukata. Abin da na iya shi ne, tun daga shekarar, in na idar da sallar asuba sai na bi gidan nan ɗaki-ɗaki in yi wa kowa addu'a da sunansa. Yanzu ina manta inda na ajiye tabarau, ina kiran jika da sunan uwarta, amma talatin da ɗayan nan ba ɗaya da ya zube. In na tuna yadda abin ya kusa zama, in ga ƙanina ya tsufa a bakin rumfa yana kallona a matsayin wadda ta jawo masa, sai in sauke ajiyar zuciya in ce Alhamdu lillahi.

Kwalbar tana wurinsa, ruwan ya daɗe da bushewa, sai baƙin da ya kwanta a gindi. Shi kuwa bai fasa hali ba. Ko makon jiya da ya zo gaishe ni, na kawo masa ruwa a kofi, sai ya ɗaga shi ya kara da haske, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaya, kafin in sha, jarrabawar wa ce wannan?"